Waiwaye: Yadda Klorokwin Ya Shiga Yaƙin Korona, Ya Kuma Fita

Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa kafin 2005, shekarar da Najeriya ta daina ba shi fifiko wajen maganin zazzaɓin cizon sauro, ya san ɗacin klorokwin da ƙaiƙayin da kan hana mutum barci. Wannan sabo ne, a ganina, ya sa mutane suka ɗauka cewa maganin da aka haɗa a kamfanin Bayer na Jamus tun 1934 ba zai cutar ba.

A watan Maris na 2020 ne Didier Raoult, wani likita a birnin Marseille na Faransa, ya fitar da sakamakon gwaji kan marasa lafiya 36, yana cewa hydroxychloroquine, ɗan'uwan klorokwin, yana rage ƙwayar cutar korona, musamman idan aka haɗa shi da azithromycin, wani maganin kashe ƙwayoyin bakteriya. Shugaba Donald Trump ya yi ta yabon maganin, hukumar kula da magunguna ta Amurka kuma ta ba da izinin gaggawa a ranar 28 ga Maris. Cikin 'yan kwanaki da fara yabon na Trump aka kwantar da mutane a asibiti a Legas saboda sun sha klorokwin fiye da kima.

Matsalar tana zuciya. Maganin yana jinkirta dawowar zuciya daidai bayan kowane bugu, azithromycin ma haka yake yi, kuma masu korona mai tsanani galibi tsofaffi ne da zuciyarsu ko ƙodarsu ta riga ta raunana. A Manaus ta ƙasar Brazil, dole aka dakatar da bai wa majinyata klorokwin mai yawa a watan Afrilu, bayan an ga bugun zuciyarsu yana rikicewa.

Sai dai masu gargaɗin ma sun yi tuntuɓe. Mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa bincike kan majinyata kusan 96,000 da ya ce maganin yana ƙara mace-mace, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajinta, amma aka janye binciken ranar 4 ga Yuni domin an kasa tantance bayanan. Washegari gwajin RECOVERY na Birtaniya ya raba gardama: kashi 25.7 cikin ɗari na waɗanda aka bai wa maganin sun rasu, waɗanda ba a ba su ba kuma kashi 23.5, wato maganin bai rage mace-mace ba. Amurka ta soke izininta ranar 15 ga Yuni, amma binciken Raoult sai a Disamba 2024 aka janye shi.