Waiwaye: sharuɗɗan yanka filaye a Damagaram, daga ganuwar Tanimun zuwa yau

A farkon watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rusa tsohon masallacin unguwar Birni, ginin ƙasa da ya haura shekara 150 a tsaye. Mutanen Damagaram sun yi juyayi, sannan aka koma ga tsohuwar tambaya: wane sharaɗi ake gindaya wa mai yanka filaye da mai gina sababbin gidaje, don kada sabon gini ya ci tsoho?

Zamanin sarauta ba a rubuta doka ba, amma akwai tsari. Lokacin da Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa a tsakiyar ƙarni na 19, fili daga hannun sarki da masu unguwa yake fitowa, gini kuma a hannun magina yake. Inda aka haƙi ƙasar tubali, nan ke zama kududdufi, ruwan damina ya taru a ciki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da ke zaune bisa dutse, inda ruwa ba ya nutsewa da sauri, haƙa rijiya kuma sai an sha wuya. Ramin da ya ba da ƙasar gini, shi ne kuma ke tsare gidan daga ambaliya. Magini ya san inda zai sa indararo don kada ya zuba a gindin katangar maƙwabci, kuma kafin ruwa ya sauka kowane gida yakan sake yaɓe.

Faransawa sun ci garin a 1899, suka mai da shi hedkwatar Nijar daga 1911 har 1926 da aka koma Yamai. Su suka kawo taswira da turaku da takardar fili. Tsarin nasu ya fi kula da miƙaƙƙen titi fiye da hanyar ruwa, kuma shi aka gada bayan 1960.

Dokokin kariya sun zo a makare. A 1997 aka yi doka mai lamba 97-022 kan kare kayan tarihi da al'adu. A ƙarshen 1998 aka yi babbar dokar muhalli, 98-56, wadda ta ce duk aikin da zai iya taɓa muhalli sai an yi binciken tasirinsa tukuna. A 2018 doka mai lamba 2018-28 ta ƙara fayyace yadda za a yi binciken, BNEE, hukumar ƙasa mai tantance tasirin ayyuka kan muhalli, ita ce ke duba shi. A rubuce dai babu laifi. Sai dai ta muhalli tana hannun wata ma'aikata, ta tarihi tana hannun wata, yankan fili kuma yana wajen hukumar gari, wadda kuɗin sayar da filaye na cikin abin da take dogaro da shi. Wanda ke jiran kuɗin fili da wuya ya ce a bar kwari ya zauna haka nan.

Gari kuwa bai jira kowa ba. Ƙidayar 2001 ta sami mutum wajen 170,000. A ta 2012, gundumomin birnin biyar sun haura 300,000. An buɗe jami'a, matatar man SORAZ ta fara aiki a 2011, bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba 2018, wanda aka kira Zinder Saboua, ya kawo kwalta da manyan gine-gine. Kowa na son nasa gida, kuma wannan haƙƙi ne. Abin da ke damuna shi ne yadda ake jera aikin: a kafa turaku, a sayar, a yi gini, sai ruwa ya shiga ɗaki a fara neman wanda zai haƙa magudana.

Na ga abin da idona a gidan kakata. Bayan gidan akwai kududdufin da muke kamun kwaɗi muna yara. Aka yi ta zuba masa shara da ɓaraguzai har ya cike, wani ya aza bulo a kansa. Damina biyu ba a yi ba, sai ga ruwa yana kwana a ƙofar zaure, gindin katanga ya yi laushi har yatsa na shiga. Muka kira wani tsohon magini. Ya dafa bangon da aka shafe da siminti, ya ƙwanƙwasa, ya ji ƙarar rami, ya ce mini: "Ɗana, kun toshe masa numfashi. Ƙasa in ta sha ruwa so take ta fitar." Tun ranar na daina raba maganar muhalli da ta kayan tarihi. Abin da ke kayar da soro mai zankwaye da zanen ƙofa a Birni ko Zango, sau da yawa daga wani fili yake tasowa can nesa, inda aka tare wa ruwa hanya.

Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fadar Sarkin Damagaram cikin jerin wuraren da take neman UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Agadez ta samu shiga cikin kayan tarihin duniya a 2013, kuma shigar ta zo da iyakar unguwannin da aka kare, da yankin da ke kewaye da su, da ƙa'idar abin da za a iya ginawa a ciki. Irin wannan iyaka Damagaram ke buƙata, ko UNESCO ta duba mu ko ba ta duba ba. A gani na, kafin a sa hannu a kan kowane sabon yankan filaye, a fitar da kududdufai da hanyoyin ruwa daga cikin abin sayarwa, a nuna inda magudana za ta bi da wanda zai biya kuɗinta. A lungunan da ke kusa da fada da ragowar ganuwa kuma a ƙayyade tsawon bene, kuma kada a ba da izinin rushe tsohon soro sai an kira magina sun duba ko zai gyaru.