Me ake nufi da "filin laka" a gasar tanis?

Daga Afrilu zuwa farkon Yuni, da wuya ka ji labarin tanis ba a ambaci "filin laka" ba. A wannan tsakanin ne manyan 'yan wasa maza da mata ke buga gasar Madrid, sai ta Rom, sannan a rufe da Roland Garros a birnin Paris. Ta Monte Carlo kuwa maza ne kaɗai ke bugawa.

Sunan yana da ruɗi, don ba laka ba ce irin wadda ake kwaɓawa. Jan da ake gani a talabijin garin ƙonannen bulo ne da aka niƙa, kuma a Roland Garros kaurinsa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. A ƙarƙashinsa akwai dakakken dutsen farar ƙasa mai kaurin santimita 6 zuwa 7, wanda shi ne ainihin daɓen. Daga nan sai ragowar kwal da aka ƙona, santimita 7 zuwa 8, sai tsakuwa aƙalla santimita 30, sai magudanar ruwa a can ƙasa. Girman filin bai canza ba: tsawo mita 23.77, faɗi mita 8.23 idan mutum ɗaya da ɗaya ne.

Wannan ɗan garin na sama shi ke sauya wasan gaba ɗaya. Idan ƙwallo ta faɗi, sai ta ɗan nutse, garin ya rage mata gudu, ta tashi sama maimakon ta zarce kamar yadda take yi a kan ciyawa. Mai dogaro da ƙarfin bugun farko sai ya ga ana dawo masa da ƙwallon da a wani fili ko taɓa ta ba za a yi ba. Pete Sampras ya ci manyan gasanni 14, amma ko sau ɗaya bai ɗaga kofin Paris ba. Rafael Nadal kuwa, wanda a zamaninsa yake murza ƙwallo har ta yi tsalle ta kai kafaɗar abokin karawa, sau 14 ya ci gasar. A ɓangaren mata Chris Evert ce ke gaba da 7. Nan wurin mai haƙuri ne da juriya, musamman ga maza a Paris, inda sai an ci zango uku cikin biyar. Ga mata kuwa, zango biyu cikin uku ne.

Akwai kuma zamiya. Gwani ba ya taka birki, yana sulalewa ne ya tarar da ƙwallo, ya buga, ya juyo. Shi ya sa tafin takalmin yake da zane mai lanƙwasa da ke kama gari, kuma za ka ga ɗan wasa yana ƙwanƙwasa takalmi da raket don kakkaɓe abin da ya cushe.

Ruwa ne ran filin. Tsakanin zango da zango ma'aikata kan ja raga a kai don baje garin, su share layuka, su yayyafa ruwa. Ya bushe da yawa, iska ta kwashe garin, daɓen ya fito, a yi ta santsi. Ya jiƙe da yawa, ƙwallo ta sha danshi ta yi nauyi, wasa ya koma tafiyar hawainiya. A 2012 Madrid ta gwada shuɗin gari don ƙwallo ta fi fitowa a talabijin. Nadal da Novak Djokovic suka koka da santsi, shekara na zagayowa aka koma ja.

Ƙwallo na barin tabo a inda ta faɗi, abin da ya sa alƙalin wasa kan sauko daga kujera ya duƙa ya duba. Matsalar ita ce ya nuna tabon da ba shi ba ne, ko kuma ɗan wasa ya riga ya goge shi da ƙafa. Daga 2025 gasannin ATP, wato ƙungiyar ƙwararrun 'yan tanis maza, sun miƙa hukuncin layi ga na'ura har a filin laka, amma a shekarar Roland Garros ta ci gaba da amfani da alƙalan layi.