Tattakin yini ɗaya a Gandun Ƙasa na Peak District

Tattakin yini ɗaya tafiyar ƙafa ce da mutum yake yi cikin tuddai da karkara domin motsa jiki da buɗe ido, ya fita da safe ya dawo masaukinsa kafin dare ba tare da ya kwana a daji ba. Ɗaya daga cikin wuraren da wannan al'ada ta fi kafuwa a Ingila shi ne Peak District, yankin tuddai da ke tsakanin biranen Manchester da Sheffield, wanda aka ayyana a matsayin gandun ƙasa ranar 17 ga Afrilu 1951, kuma shi ne na farko a duk Birtaniya. Faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 1,438, mafi yawansa a cikin gundumar Derbyshire.

Kalmar gandu tana iya ruɗar mai karatu, domin wanda ya san Yankari zai ɗauka daji ne da gwamnati ta killace saboda namun dawa. Peak District ba haka yake ba. Kimanin mutum 38,000 ne suke zaune a cikinsa, akwai ƙauyuka da gonaki da makiyayan tumaki, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na ƙasar mallakar ɗaiɗaikun mutane ce da ƙungiyoyi. Babu ƙofar shiga, babu kuɗin shiga. Saboda haka duk wanda ya fita tattaki a nan, galibi a kan ƙasar wani yake takawa, kuma abin da ya ba shi damar yin haka doka ce da aka daɗe ana gwagwarmaya kafin a same ta.

Yadda aka sami haƙƙin wucewa

A farkon ƙarni na 20, ma'aikatan masana'antun Manchester da Sheffield sukan hau jirgin ƙasa ranar Lahadi su nufi tuddai don su shaƙi iskar da babu hayaƙin kwal a cikinta. Sai dai mafi yawan filayen kan tudu a rufe suke, domin masu su sun keɓe su don harbin wani tsuntsu mai kama da makwarwa, sun kuma zuba masu gadi da sanduna. Ranar 24 ga Afrilu 1932 wasu matasa kimanin 400, ƙarƙashin jagorancin Benny Rothman, suka tashi daga kusa da ƙauyen Hayfield suka haura zuwa tudun Kinder Scout da gangan ba tare da izinin kowa ba. An yi 'yar arangama da masu gadi, daga baya kotu ta ɗaure biyar daga cikin matasan na tsawon wata biyu zuwa shida. Tsofaffin ƙungiyoyin masu tattaki ba su goyi bayan wannan mataki ba a lokacin, suna ganin zai ɓata sulhun da suke nema da masu ƙasa, amma tsananin hukuncin ya jawo wa matasan tausayin jama'a, ya kuma sa maganar ta fita daga hannun 'yan tsiraru ta zama ta ƙasa baki ɗaya.

Dokar gandayen ƙasa ta zo a 1949. Cikakken izinin yawo a kan tsaunuka da filayen da ba a nomawa kuwa sai a dokar shekarar 2000 aka same shi, wato shekara 68 bayan hawan Kinder. A cikin gonaki har yanzu ba a barin mutum ya bi inda ya ga dama, sai ta hanyoyin da doka ta tabbatar wa jama'a, waɗanda suka yi kama da burtali a tsakanin gonakin ƙasar Hausa: mai gona ba shi da ikon toshe su, mai wucewa kuma ba shi da ikon kauce musu. A jikin alamomin hanya, kibiya mai ruwan ɗorawa tana nuna hanyar masu ƙafa kaɗai, shuɗiya kuma tana nuna wadda mai doki da mai keke za su iya bi.

Ƙasa iri biyu

Irin dutsen da ke ƙarƙashin ƙafa shi ne yake raba yankin, shi ne kuma yake yanke wa mai tattaki irin yinin da zai yi. Arewaci, wanda ake kira Dark Peak, dutsensa baƙi-baƙi ne mai kaushi, samansa kuma fili ne mai faɗi marar bishiyoyi, lulluɓe da baƙar ƙasa mai tsotse ruwa wadda ta samu daga ruɓaɓɓun tsirrai cikin dubban shekaru. Kudanci da tsakiya, wato White Peak, dutsen farar ƙasa ne, inda koguna suka yanka kwaruruka masu zurfi, ga korayen makiyayu da aka raba da katangun dutse waɗanda aka jera ba da siminti ba. A jikin katangun akan bar matakala ko wata 'yar tsaga da mutum zai iya ratsawa amma tunkiya ba za ta iya ba.

Fitattun hanyoyi

Kinder Scout shi ne wuri mafi tsayi a gandun, mita 636 daga matakin teku. Yawancin masu hawansa daga ƙauyen Edale suke tashi, inda jirgin ƙasa mai zirga-zirga tsakanin Manchester da Sheffield yake tsayawa. Daga nan ne kuma doguwar hanyar Pennine Way ta fara, wadda aka buɗe a 1965, mai tsawon kilomita 431 har zuwa Kirk Yetholm a Scotland. Mai tattakin yini ɗaya farkonta kawai yake bi, ya haura matakalar dutse da ake kira Jacob's Ladder, ya bi bakin tudun, sannan ya gangaro ta wani kwazazzabo ya koma Edale, tafiyar da kan ci awa biyar zuwa shida. A gefen yamma akwai Kinder Downfall, inda ruwa yake faɗowa daga tsayin kimanin mita 30, kuma idan iska mai ƙarfi ta taso daga yamma takan mayar da ruwan sama kamar hayaƙi. Abin da ya sa Kinder ke da haɗari ba tsayinsa ba ne. Samansa shimfiɗaɗɗe ne, cike da kwazazzabai masu kama da juna, ta yadda idan hazo ya sauko mutum zai iya yin ta kewaya wuri ɗaya yana zaton gaba yake ci.

Wanda yake son ganin ƙasa mai faɗi ba tare da wannan wahala ba, babu abin da ya fi masa doron tudun da ya miƙe daga Mam Tor, mai mita 517, zuwa Lose Hill, mai mita 476, tafiyar kimanin kilomita 3 da kwarin Edale a hagu da kwarin Hope a dama. A kan Mam Tor akwai ragowar ganuwar mutanen da suka zauna a wurin kusan shekara 3,000 da suka wuce. Gefensa na gabas kullum cikin zaftarewa yake, har ta kai hukuma ta haƙura da gyaran titin motar da ya bi ta ƙarƙashinsa ta rufe shi a 1979, kuma karyayyar kwaltar tana nan masu ƙafa suna bi ta kanta. A tsakiyar doron akwai mahaɗar Hollins Cross, inda a dā mutanen Edale suke ketarawa da gawa zuwa kwarin Hope don binnewa, kafin ƙauyensu ya sami nasa wurin ibada da maƙabarta.

A kudu, kwarin Dovedale ya fi kowane wuri cika da iyalai, saboda duwatsun tsallake da aka jera a kogin Dove da kuma tudun Thorpe Cloud mai mita 287, wanda yara ma suna iya hawa. Monsal Trail tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce da aka daina amfani da ita a 1968, mai tsawon kusan kilomita 14, kuma tun da aka buɗe ramukanta na cikin dutse a 2011 ta zama hanyar da tsofaffi da masu keken guragu suke iya bi. A gabas kuwa, ƙarƙashin dogon bangon dutse na Stanage Edge, ana ganin manyan duwatsun niƙa da aka sassaƙa aka watsar lokacin da kasuwarsu ta faɗi; dutsen niƙan shi ne tambarin gandun.

Shiri da ladubban hanya

Tsawon rana yana bambanta ƙwarai: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi, don haka hanyar da ta dace da bazararsu ba lalle ta dace da hunturu ba. Ana buƙatar takalmi mai kaurin ƙasa, rigar ruwa, guzuri, fitila, da taswirar Ordnance Survey, wato hukumar zana taswira ta Birtaniya, tare da kamfas, domin waya takan rasa sabis a cikin kwari, sanyi kuma yana saurin cinye batirinta. A watan Maris 1964 wasu matasa uku 'yan sikawut suka mutu saboda sanyi da ruwan sama a wata gasar tattaki da ake kira Four Inns, kuma wannan rashi ne ya sa aka haɗa ƙungiyoyin ceto na yankin ƙarƙashin inuwa ɗaya a shekarar. Har yau 'yan sa-kai ne suke wannan aiki, ana kuma samunsu ta kiran 999 a nemi 'yan sanda.

Tun da ƙasar ta manoma ce, ana son mai wucewa ya bar ƙofar makiyaya yadda ya same ta, ya kwashe shararsa, kada ya hura wuta. A filayen da aka buɗe wa jama'a, dole ne a riƙe kare da gajeriyar igiya daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, lokacin da tsuntsaye suke ƙwai a ƙasa tumaki kuma suke haihuwa.

Yawan ƙafafu ya bar tabo. Miliyoyin baƙi ne suke zuwa kowace shekara, kuma baƙar ƙasar kan tudu, wadda hayaƙin masana'antu da gobara da yawan kiwo suka riga suka kashe tsirranta, ba ta jure tattakawa. Daga 2003 wata ƙungiyar haɗin gwiwa mai suna Moors for the Future ta shiga dasa gansakuka da datse kwazazzabai don ƙasar ta sake riƙe ruwa. A kan hanyoyin da suka fi lalacewa an shimfiɗa faffaɗan duwatsu, da yawansu daga daɓen tsofaffin masaƙun da aka rushe a garuruwan da ke kewaye, jirgi mai saukar ungulu ne kuma ya kai su kan tudun.