Waiwaye: Yadda Kamfanonin Waya Suka Koma Kiwon Na'urori

Wanda duk ya taɓa tsayawa gaban mai POS yana jiran takarda ta fito, aka ce masa ya yi haƙuri babu sabis, ya riga ya san bakin wannan zance. A cikin 'yar na'urar nan akwai katin sim irin na waya, amma ba a gaisawa da shi. Aikinsa ɗaya ne, ya kai saƙo wurin kwamfutar banki ya dawo da amsa. Irinsa ne a cikin na'urar bin sawun mota, da wasu mitocin wuta, da injinan masana'antu masu aika rahoton lafiyarsu da kansu. Wannan shi ake kira IoT, wato intanet na kayayyaki, sunan da Kevin Ashton ya raɗa a 1999 lokacin yana aiki da kamfanin Procter & Gamble.

Sana'ar ta girmi sunan. Tun 1996 kamfanin General Motors na Amurka ya fara sa OnStar a motocinsa ƙirar Cadillac, inda motar da kanta za ta kira neman agaji idan ta yi hatsari. A wancan zamani kamfanonin waya ba su ɗauki abin da wani muhimmanci ba. Layi ne dai, su sayar, su karɓi kuɗin wata. Suna kiransa M2M, na'ura zuwa na'ura.

Sai dai sayar wa mutum ɗaya layi daban ne da sayar wa masana'anta layi dubu ɗari. Mai haɗa mita yana so a dasa sim tun a masana'anta, amma kada a fara cajinsa sai ranar da aka kafa mitar a gidan wani, wataƙila bayan wata takwas tana ajiye a sito. Yana so idan ɓarawo ya zare sim ɗin ya sa a wayarsa, layin ya mutu nan take. Idan wata na'ura ta haukace tana zuƙar data dare da rana, a sanar da shi kafin ƙarshen wata, kuma dukkan layukan su zo a takardar biya guda. Tsarin lissafin kamfanonin waya don mutane aka gina shi, bai iya ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Wannan giɓi ne Jahangir Mohammed ya gani, ya kafa kamfanin Jasper a Kalifoniya a 2004. Bai kafa turken sadarwa ko ɗaya ba. Manhaja ya gina wadda kamfanin waya zai yi hayarta, ya liƙa mata sunansa, ya miƙa wa masana'antu su riƙa kunnawa da kashewa da lura da layukansu daga allo guda. AT&T na Amurka, babban kamfanin waya, ya rungumi tsarin, wasu da dama suka biyo baya. Ericsson na Suwidin, mai ƙera kayan sadarwa, ya sayi makamanciyar manhajar daga Telenor Connexion a 2011, Vodafone kuwa ya gina tasa. Asalin abin da a yau ake kira hidimar IoT mai kulawa ke nan. Ni na fi ganinsa kamar bayar da kiwo: shanun naka ne, amma wani ke fita da su, ya shayar, ya lura da wadda ta yi ɗingishi, kai kuma ka biya shi. Kiwon ma hawa biyu ne, domin sau da yawa kamfanin wayar da masana'anta ta ba amana shi ma wani ya damƙa wa.

Daga nan aka shiga zamanin manyan alkawura. A 2010 shugaban Ericsson na lokacin, Hans Vestberg, ya yi hasashen na'urori biliyan 50 za su hau intanet zuwa 2020. Adadin ya yi ta yawo a taruka, kuɗi kuma ya bi shi. A 2016 kaɗai, Cisco ya sayi Jasper a kan dala biliyan 1.4, Verizon ya sayi Fleetmatics mai bin sawun motocin kamfanoni a kan dala biliyan 2.4. A watan Yunin shekarar aka kammala ƙa'idar NB-IoT, hanyar sadarwa mai cin batir kaɗan wadda saƙonta ke ratsa bango har ƙarƙashin ƙasa. Martani ne ga Sigfox na Faransa da fasahar LoRa, waɗanda suka fara haɗa ƙananan na'urori ba tare da bi ta turakun kamfanonin waya ba.

Shekarar 2020 ta zo, ba a ko kusanci biliyan 50 ba. Abin da ya fi ƙarancin adadin ciwo shi ne lissafin riba. Mai waya yana kallon bidiyo, yana sayen data kowane mako. Mitar ruwa kuwa 'yan lambobi take aikawa a yini, abin da take kawowa a wata bai taka kara ya karya ba, alhali tana bukatar a kula da ita shekara goma ko sha biyar. Mafi yawan kuɗin aikin yana wurin mai ƙera na'ura, da mai rubuta manhaja, da wanda ya san sirrin masana'antar. Shi ya sa kamfanonin waya suka fara cewa su ba layi kawai suke sayarwa ba, har da na'urar, da kafawa, da tsaro, da ajiyar bayanai, da gyara. Amma sanin turaku bai sa mutum ya san aikin tashar jiragen ruwa ko mahaƙar ma'adinai ba, kuma kowace masana'anta da irin tata bukatar.

Janyewar ta zo a jere. NTT Docomo na Japan ya rufe NB-IoT ɗinsa a Maris 2020. Sigfox ya faɗa hannun kotu saboda karyewar jari a Janairun 2022, UnaBiz na Singafo ya saye shi. A Disamban shekarar, Ericsson da ya yi hasashen biliyan 50 ya sanar da miƙa manhajar tasa ga kamfanin Aeris bayan ta daɗe tana jawo masa asara. Google ya rufe IoT Core, hidimarsa ta haɗa na'urori da intanet, a Agustan 2023. Vodafone bai fita ba, amma a 2024 ya ware sashen ya zama kamfani mai cin gashin kansa, ya kuma ƙulla yarjejeniyar shekara goma da Microsoft. A Sin ne labarin ya bambanta, inda gwamnati ta tura abin da ƙarfinta, har a Agustan 2022 layukan na'urori suka zarce na masu waya yawa.

Inda abin ya yi albarka a nahiyarmu, na lura ba daga dogon hasashe ya faro ba, daga bukata ce ƙwaya ɗaya. A Kenya, kamfanin M-KOPA ya dasa sim a cikin na'urar sola, mai gida yana biya kaɗan-kaɗan ta M-Pesa, wato tsarin tura kuɗi ta waya. Ya biya fitila ta kama, ya yi jinkiri ta tsaya. Lumos ya yi irin haka da MTN a Najeriya, ana biya ta waya. Sim ɗin nan shi ya tsaya a matsayin jingina ga mutumin da banki ba zai saurare shi ba.

Abin da ya fi damuna a duk tarihin nan shi ne tsawon rai. Na'ura tana daɗewa fiye da hanyar sadarwar da aka ɗora ta a kai, wani lokaci fiye da kamfanin da ya yi alkawarin kula da ita. Tsofaffin motocin OnStar sun yi shiru a 2008 da aka daina tsohon tsarin analog a Amurka. Da AT&T ya kashe 2G a farkon 2017, allunan da ke nuna lokacin isowar bas a San Francisco suka rikice, don na'urorin da ke cikin motocin da 2G suke magana. Masu sana'ar sun rage wani ɓangare na matsalar da eSIM, wanda ake sauya masa kamfani daga nesa ba sai an je an buɗe akwati ba, kuma yana taimakawa a ƙasashe irin Brazil da Turkiyya da suka hana sim ɗin waje zama dindindin. Amma eSIM ba ya mayar da na'urar 2G ta zama 4G. A Birtaniya, kamfanonin waya sun amince su kashe 2G da 3G zuwa 2033, kuma miliyoyin mitocin wuta da na gas da aka riga aka kafa a kansu suke aiki. Kowanne sai ma'aikaci ya je gidan, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya cire akwatin sadarwar ya sa sabo.