Ba kowane ciwon kai ba ne maleriya da taifot

'Yan uwa mazauna Jos, musamman iyayenmu mata, akwai ciwon kan da muke ta yi wa maganin da ba nasa ba. Kai na sarawa gefe guda kamar ana daka, ga tashin zuciya, haske da hayaniya sun zama abokan gaba, mutum sai ya shige ɗaki mai duhu. Yakan ɗauki awa 4 har zuwa kwana 3, ya tafi, ya sake dawowa. Wannan shi ne ciwon ɓarin kai, kuma ya fi kama mata kusan ninki 3 a kan maza. Wasu kafin ya taso sukan ga walƙiya ko zane-zane a idonsu, daga nan a fara maganar iskokai.

Ba a gano shi da gwajin jini. Tambayoyi ne: yaushe yake zuwa, me ke tayar da shi, rashin barci ne, yunwa, ko lokacin al'ada? Ke nan ma'aikacin asibitin unguwa a Gangare ko Unguwar Rogo zai iya gane shi idan an horar da shi, ba sai an yi ta turo mutane Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo ba. A nan nake ganin aikin hukuma. A 2022 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da shirin kula da cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi zuwa 2031, ciwon kai na ciki. Magungunan rigakafinsa, irin propranolol da amitriptyline, tsofaffi ne masu araha. Kamata ya yi a ajiye su a ƙananan asibitoci, hukumar inshorar lafiya ta jihar Filato, PLASCHEMA, ta ɗauki nauyinsu, a kuma saka ciwon a rajista don a san yawan masu shi.

Kafin nan, a rage zarya kemis. Shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata shi ma yana haifar da ciwon kai na kullum, balle tiramadol. Mai ganin walƙiyar nan ta faɗa wa ma'aikaciyar asibiti kafin a ba ta ƙwayar tazarar haihuwa.

Amma ciwon da ya faɗo farat ɗaya da tsanani, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko mutuwar hannu da karkacewar baki, ko ya kama mai juna biyu, wannan a garzaya babban asibiti ko da tsakar dare ne.