Kwantatur, agogon juyin injin moto, da yadda ake gano ciwonsa

Kwantatur shi ne agogon nan da ke kan moto kusa da na gudu, wanda allurarsa ke tashi in ka murza hannu ko da moton na tsaye waje ɗaya. Sunan daga Faransanci ya zo, ma'anarsa mai ƙidayar juyi, kuma aikinsa kenan, yana nuna sau nawa inji ke juyawa cikin minti guda. Kowace lamba a jikinsa dubu ce, in allura ta tsaya kan 4 to inji na juyi 4000 a minti, jan layin ƙarshe kuma iyaka ce da ba a son a riƙa wucewa. Wani Bajamushe Dietrich Uhlhorn ake dangantawa da ƙera na farko a 1817, dan awon injinan masana'anta. Ba kowane moto ke da shi ba, da yawa cikin na ƴan kabu-kabu a Yamai agogon gudu da na esansi kawai gare su.

Iri biyu ne. Tsohon yayi mai kabul ne, wata siririyar waya mai murɗi ke fitowa daga inji tana juya maganaɗisu cikin wani ɗan kofin alminiyam, kofin ya ja allura, ɗan sifirin kuma ya maido ta. Na yanzu wuta yake ci, yana ƙirga sau nawa bobin, wato naɗin wayar da ke ƙara wa wuta ƙarfi, ke ba buji wuta, ko ya karɓi saƙon daga CDI, ɗan akwatin da ke tsara lokacin ba da wutar, sai ya maida shi motsin allura ko lambobi a gilashi.

Yawanci in ya daina aiki ba agogon ne ya mutu ba, abin da ke kai masa saƙo ne, amma sai ka ga mutum ya nufi kasuwar Katako ya sayo sabo ya ɗaura, allura na nan kwance yadda take. Mai kabul ba shi da wuyar sha'ani, a kwance shi daga bayan agogo a tada inji, in bakin wayar mai kusurwa huɗu bai juya ba to ta tsinke ko bakin ya cinye ya zama mulmulalle. In allura na rawa tana kuka ƙii, ƙurar hunturu ce ta busar da man ciki, a zaro a wanke a shafa giris kaɗan, amma ban da ƙarshen da ke shiga agogo dan giris na hawa ya liƙe allura.

Mai wuta shi ne mai wahalar da makanikai, kuma yanayin allurar ne ke faɗin inda ciwon yake. In ta kwanta sam, fitilar cikin agogo ma ba ta kama ba, a fara da fizibil, ƴar wayar da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa, da kan batir. In fitila na ci allura ba ta motsi, wayar saƙo ce. A motocin da suka kwaikwayi tsarin Honda CG125, irin na Sin da suka cika gari, koriyar waya ita ce mas, wato mai maida wuta jikin ƙarfen moto, baƙa mai ratsin ruwan ɗorawa kuma ita ke zuwa bobin daga CDI. Wurin da suka fi karyewa shi ne wuyan moto, nan da damin wayoyi ke lanƙwasa duk sanda aka juya kai, roba na nan lafiya lau a ido amma jan ƙarfen ciki ya rabu. Gwajin ba ya cin ko dala, ka bar inji a ralanti, wato yana aiki ba a murza hannu ba, ka karkata kai hagu da dama har ƙarshe kana kallon allura, in ta faɗi ta tashi to ka kama ɓarawon. Bayan ruwan Agusta kuma soket ɗin bayan fitila kan yi kore-kore da tsatsa, a kankare a matse.

Allurar da ke tsalle kamar mai aljanu in an ƙara wuta, sau da yawa buji ne marar rezistans, ɗan abin da ke danne hayaniyar wuta, ke watsa mata hayaniya, a bujin kamfanin NGK harafin R cikin lambarsa shi ke nuna yana da ita. In ba shi ba ne sai a sa mita a batir, lafiyayye na ba da wajen volt 12.6 in inji na kashe, in yana aiki 13.5 zuwa 14.5, in ya haura 15 regilato, mai daidaita ƙarfin wuta, ya tafi, kuma wannan ba agogo kaɗai zai ƙona ba har ƙwan fitila da batir ɗin.

Akwai kuma wanda ke aiki sumul amma ƙarya yake. Injin 125 mai silinda ɗaya ralantinsa wajen 1400 ne zuwa 1500, in sabon agogon da aka ɗaura ya nuna 3000 alhali kunnenka na jin inji kwance, saiti ne. Inji mai bugu huɗu sau ɗaya yake buƙatar wuta cikin juyi biyu, amma yawancin ƙananan nan kowane juyi suke ba da ita, agogon da aka saita a kan ɗayan lissafin sai ya ninka. Masu lambobi a gilashi kan zo da maɓallin canza wannan saitin, mai allura kuwa sai dai a maida wa mai shago a karɓo wanda ya dace da injin.