Ƙadangaru Masu Ɗamara

Ƙadangaru masu ɗamara zuriya ce ta ƙadangaru da masana halittu ke kira Cordylidae. A nahiyar Afirka kaɗai ake samun su, kudu da Sahara. Cibiyarsu ita ce Afirka ta Kudu da maƙwabtanta irin su Namibiya, Zimbabuwe da Mozambik, sai wasu da suka hauro ta Tanzaniya da Kenya har Habasha. Nau'o'in da aka sani sun kai kimanin 70. Babu su a ƙasar Hausa, shi ya sa ba su da suna na gado kamar yadda damo, guza, tsaka da kulɓa suke da shi. "Mai ɗamara" siffantawa ce: ɓawon fatarsu ya jeru zobe-zobe ya kewaye gangar jiki da jela, kamar wanda ya sha ɗamara bisa ɗamara.

Kamanni da mazauni

Wanda ya saba ganin jan gwada yana gyaɗa kai bisa katanga a Sakkwato zai ga bambanci tun daga kallon farko. Mai ɗamara ya fi faɗi, jikinsa a shafe yake, kansa mai kusurwa uku, jelarsa kuma cike da ƙaya. A yawancinsu akwai ƙananan ƙasusuwa a cikin fata, ƙarƙashin ɓawon, waɗanda suka zame musu sulke. Sulke kuwa da nauyi, kamar dokin da aka ɗora wa lifidi, ya samu kariya amma ya rasa sauri. Bincike ya nuna cewa nau'o'in da suka fi sulke sun fi nawar gudu, kuma ba sa yin nisa da maɓoyarsu.

Maɓoyar nan mafi yawa tsagar dutse ce. Da ya hangi shaho sai ya faɗa ciki, ya hura jikinsa da iska har ya cika tsagar, ya tokare da kai da baya, sannan ya naɗo jelar mai ƙaya ya tare ƙofa. Fitar da shi a wannan hali sai an fasa dutsen. Wasu kaɗan sun bar dutse: Cordylus tropidosternum na gabashin Afirka yana zaune a kogon itace da ƙarƙashin ɓawonsa.

Akwai wani ƙadangaren mai ƙayar jela a duwatsun Azbin na Nijar, wanda ake kira Uromastyx. Kama ce kawai, shi ɗan'uwan jan gwada ne, kuma ganye ya fi ci.

Rabe-rabe

Sunan Cordylus ya samo asali ne daga masani Laurenti a 1768, kuma an daɗe ana cusa yawancin nau'o'in a ƙarƙashinsa. A 2011 masani Edward Stanley da abokan aikinsa suka yi nazarin ƙwayoyin gado, suka sake tsara zuriyar zuwa jinsi 10 a rassa biyu. Reshe na farko, Platysaurinae, jinsi ɗaya ne tak, Platysaurus, wato masu shafaffen jiki. Na biyu, Cordylinae, ya ƙunshi sauran tara: Cordylus, Smaug, Ouroborus, Karusasaurus, Namazonurus, Ninurta, Hemicordylus, Pseudocordylus da Chamaesaura.

Rabon nan ya yi daidai da yadda suke hayayyafa. 'Yan reshen farko ƙwai suke yi, galibi biyu, su ajiye a tsagar dutse. 'Yan reshe na biyu haihuwa suke yi, ɗan ya fito da ransa, kuma yawanci daga ɗaya zuwa 'yan kaɗan ne. Bare a cikin dangin shi ne Chamaesaura. Ƙafafunsa sun ƙanƙance har sun kusa ɓacewa, jelarsa ta ninka jikinsa tsawo sau uku ko fiye, yana sulalewa cikin ciyawa, duk wanda ya gan shi zai rantse maciji ne. Dangi mafi kusa da zuriyar baki ɗaya su ne Gerrhosauridae, waɗanda ke Afirka da Madagaska.

Abinci

Hausawa sun ba damo sarautar haƙuri, amma wajen neman abinci mai ɗamara ma ba baya ba ne. Ba ya yawon kiwo. Yakan zauna a bakin tsagarsa yana shan hantsi, idanu a buɗe, sai ƙwaro ya gifta ya zabura ya cafke, ya koma mazauninsa. Cimarsa buzuzu da sauran ƙwari masu ɓawo, fara, gara, tururuwa, gizo-gizo da ƙadandoniya. Manyan cikinsu kan haɗa da ƙananan ƙadangaru, wasu kuma suna taɓa ganye da 'ya'yan itace.

Wanda ya fi ban sha'awa a nan shi ne Platysaurus broadleyi na magangarar ruwa ta Augrabies, a kan Kogin Orange a Afirka ta Kudu. Ƙananan baƙaƙen ƙudaje kan taso daga kogin tuli, shi kuwa sai ya riƙa tsalle yana cafke su a iska. Idan ɓauren da ke tsirowa a duwatsun ya nuna, sai su yi dafifi a gindinsa. Mazan suna da launi mai ɗaukar ido, shuɗi da ja da ruwan ɗorawa, kuma da shi suke yi wa juna barazana: namiji ya karkata jiki ya nuna wa abokin gabarsa cikinsa.

Mai cizon jelarsa

Ouroborus cataphractus yana zaune ne a busassun duwatsun yammacin Afirka ta Kudu, kuma gangar jikinsa da ƙyar take wuce santimita 10. In aka rutsa shi a fili, sai ya kama jelarsa da baki ya dunƙule kamar bushiya, cikinsa mai taushi ya shige ciki, ƙaya ta fuskanci waje. Daga nan sunan jinsin ya fito, domin tsoffin Girkawa suna da hoton macijin da ke haɗiye jelarsa, wanda suke kira ouroboros.

Ƙadangaru ba su cika zaman tare ba, amma wannan yakan yi gida guda, wani lokaci 30 ko fiye a tsaga ɗaya. Masana sun danganta hakan da cimarsa. Gara ce babban abincinsa, musamman nau'in Microhodotermes viator, kuma zuwa wurinta na nufin barin dutse a fita fili, ga shi ba gudu. Idanu da yawa sun fi saurin hango tsuntsu. Macen ɗa ɗaya take haifa a shekara.

Mai kallon rana

Babbansu duka shi ne Smaug giganteus, wanda masani Andrew Smith ya bayyana a 1844. Tsawonsa har jela yakan kai santimita 35. Shi ba ruwansa da dutse, rami yake haƙawa a filayen ciyawa na lardunan Free State da Mpumalanga a Afirka ta Kudu. Yakan tsaya a bakin ramin ya miƙe ƙafafun gaba ya ɗaga kai sama, abin da ya sa mutanen yankin ke ce masa mai kallon rana. In an biyo shi sai ya shige da kai, ya bar jela tana bulala a baya, ƙayoyin ƙeyarsa kuma su kafe a rufin ramin. Lokacin da damina ke kankama a Sakkwato, can sanyi ne ake yi, shi kuma yana kwance a rami ba ci ba fita.

Macen ba ta haihuwa kowace shekara, in ta haihu ma ɗaya ne ko biyu. Dabbar da ke hayayyafa a hankali haka ba ta jure ɗiba. Garmar noma na rushe ramukansu, haƙar ma'adinai na cinye filayen, masu maganin gargajiya na nema, ga kuma masu safararsu zuwa Turai, Amurka da Asiya don masu kiwon sha'awa. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazana, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji, CITES, kuma ta hana fitar da shi ƙetare sai da takardar izini. Da wuya yake haihuwa a hannun mutane, don haka yawancin waɗanda ake tallatawa da sunan haihuwar gida, daga daji aka tono su.